Kawu Bahago da Shagunan Naman Ƙauyenmu

Kafin kawuna ya fara fawa, babu shagon nama a ƙauyenmu, mai marmari sai ya jira ranar kasuwa. Bahago ake ce masa, don da hagu yake riƙe wuƙa. Wata safiya ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa, ya ɗora a kan duro biyu a bakin titi, ya rataye cinyar akuya a reshen bishiya. Matarsa ta yi wata guda tana mita, don daga ita sai labule aka bari.

Bayan shekara uku ya gina ɗan shago, da teburin siminti, da kututturen sara ƙashi, da raga a taga saboda ƙudaje. Ya san haƙoran kowa a garin. In tsohuwa ta zo sai ya ce, "Inna, hanta zan ba ki, tsokar yau ta fi ƙarfinki." Ta zage shi tas, ta miƙa kwano.

Ana nan sai wani mahauci, Dogo, ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi. Shekara ashirin suna tsokanar juna. Kawu ya ɗaga murya, "Dogo, saniyar nan taka ai ta girme ka!" Dogo ya ce, "Ƙanwar taka ce!" Mutane su yi ta dariya, alhali kowa ya san saniya ɗaya suke yankawa da asuba su raba, don ƙauyen ba ya cinye biyu.

Shago na uku 'yar Dogo ce ta buɗe shi, bayan ta dawo daga birni da firiji da injin yanka ƙashi. Kawu ya rantse ba zai taka wurin ba. Rantsuwar ta yi kwana tara. Ya shiga wai gaisuwa, ya tarar ana tura haƙarƙari cikin injin ta ko'ina. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"'Yata, kashe abin nan. Nama yana da hanyarsa."

Ya zaro wuƙa, ya bi gaɓa, ƙashi ya rabu da tsoka ko ɓurɓushi babu. Ta daɗe tana kallon hannunsa, sannan ta ce, "Baba, gobe ƙarfe nawa za ka zo?"

Tun daga ranar yake zuwa. Da ƙafa ta fara yi masa ciwo, ya bar wa wani tela shagonsa, ya koma nata gaba ɗaya, ya koya mata yanka har ta fi ubanta. Yanzu ya haura tamanin, kuma har yau bai taɓa injin ba. Da firijin ne dai suka shirya. Da rana ta take sai ya cire hularsa ya cusa ciki, ya zauna yana jira ta yi sanyi.