Ƙaho Bayan Gashin Zuciya

Hannunsa na fara gani. Yana tsaye bakin shagonsa na ɗinki a Ƙofar Sauri, ni kuma ina wucewa da littafin soyayya ɓoye cikin hijabi, sai ya dafe ƙirji ya lumshe ido. A littattafan da nake karantawa, namiji ba ya yin haka sai so ya kama shi. Na isa gida ina ta murmushi ni kaɗai.

Bayan aurenmu na ba shi labarin, ya yi dariya har da tari. "Ke dai 'yar littafi ce. Ƙirjina ke mani nauyi ran nan, ban ma gan ki ba." Kwana biyu ina fushi.

Nauyin bai bar shi ba. Muna shekara goma sha ɗaya da aure ya faɗi kan keken ɗinki. Likitoci suka ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, suka zura ɗan bututun raga na ƙarfe suka buɗe ta. Ba a shekara ba nama ya tsiro cikin ragar, hanya ta tsuke. Aka sake buɗewa, ta sake tsukewa. Sai aka ce sai an yi wa jijiyar gashi, a ƙasar waje. Yayansa ya raka shi. Ta jijiyar cinya aka tura siririyar waya har cikin ragar, haskenta ya gasa wurin na 'yan mintoci don kada naman ya sake tsirowa.

Ya dawo yana zuwa har hasumiyar Gobarau a ƙafa ba haki. Ya kawo mani turare, ya kawo sharaɗin likita: ƙwayar tsinka jini kullum, kada a tsallake ko kwana ɗaya, domin wurin da aka gasa yana jinkirin warkewa, jini na iya daskarewa a kai. Ni ke miƙa masa ita kowace safiya tare da koko.

Tun yana saurayi, duk Sha'aban sai an yi masa ƙaho kafin azumi. Da Sha'aban ya zagayo, wanzamin gidansu ya zo zaure, ya yi tsaga ɗaya a bayansa, jini ya ƙi tsayawa. Ina jin su ta bayan ƙofa.

"Alhaji, jinin nan naka ya zama ruwa. Mi kake sha?"

"Maganin asibiti ne, Baba."

"Aje shi mako guda ya yi kauri, in dawo in hidda maka mataccen. Ni na yi maka askin suna, ni zan cuce ka?"

Washegari na miƙa ƙwayar, ya girgiza kai. "Kwana bakwai kacal, 'yar littafi."

"Likita fa ya ce..."

Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. "Ji yadda take bugawa. Zuciyar da kike zaune ciki, mi zai same ta?"

Shekara goma sha uku ina jiran ya yi mani magana irin ta littafi. Na mayar da ƙwayar cikin kwalinta.

Rana ta biyar, bayan la'asar, yana auna yadin wani, ya dafe ƙirji ya lumshe ido. Ba a kai asibiti da shi da rai ba.

Wanzamin bai ƙara ɗora wa kowa ƙaho ba. Ya koma aski kawai, a inuwar bango kusa da Ƙofar 'Yandaka. In na zo wucewa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ya marayu?" ba ya jiran amsa. Shekara tara yana haka, yana ɗauka shi kaɗai ne sanadi. Kullum ina cewa gobe zan tsaya in gaya masa a hannun wa ƙwayar take. Ya rasu daminar bara ban tsaya ba.