Motar da Ta Zo Daga Kusada

A lokacin ina aiki a sashen gona na ƙaramar hukumar Kankia, idan na taso daga ofis sai in zauna in rubuta labaran bincike. Jarumin labaran nawa wani tsohon ɗan sanda ne da ya bar aiki ya koma noma, amma duk ranar da aka kore shanun wani ko aka fasa rumbu, ƙofar gidansa ake nufa. Mai buga mini littattafan wani Alhaji ne ɗan Kusada, yana da ɗan shago a Kano da tsohon injin bugawa wanda ina jin ya girme ni.

Wata shekara, bayan an gama girbi, aka shirya bikin marubuta a Katsina, aka ware yini guda don masu rubuta labaran ɓarayi da masu bin sawunsu. Aka buga mini waya aka ce in zo. Sai wani abokina ya bayyana mini yadda abin yake: manyan masu buga littattafai su ke biyan kuɗin teburan gaba, su kafa allunan talla da hotunan marubutansu, su sa sanarwa a rediyo. Wanda ba a biya masa ba, sai dai ya nemi inda zai raɓa.

Na tare mota a bakin titi na tafi Kano wurin Alhaji. Na ce, "Alhaji, ko ɗan hotona ne a kafa bakin ƙofa, a san da ni."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, wa zai sayi littafi don ya ga fuskarka? Ɗauki kwali biyu na littattafanka ka tafi, sauran ka bar mini."

Na fito raina a ɓace.

Ranar bikin aka ba ni tebur can baya, kusa da mai sayar da ruwa. Manyan marubuta suka yi jawabi da safe, zauren cike maƙil, kuma gaskiya sun iya magana. Ni kuwa an sa ni bayan azahar, lokacin da kowa ya fita neman abinci. Na hau kan dandamali na tarar da kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba.

Ina cikin gyara murya sai na ji hayaniya a waje. Wata doguwar mota ce ta tsaya, mutane suka riƙa sauka suna kakkaɓe riguna: manoma daga ƙauyen Ƙofa, malamai mata na firamare, wani mai shayi, da wani tela mai furfura a gaba. Telan ya ƙaraso ya ba ni hannu ya ce shi ƙanen Alhaji ne. Ashe duk littafin da na fitar, Alhaji kan aika masa Kusada, shi kuma ya karanta wa jama'a a ƙofar shagonsa bayan la'asar. Ban taɓa sani ba. Kuɗin da zai kafa hotona da su, Alhaji shatar mota ya yi da su.

Ban kai ga rabin jawabina ba wani dattijo daga Ƙofa ya miƙe. Ya ce, "Malam, tambaya gare ni. Don mi ka bar ɓarawon shanun nan ya tafi? Ni an taɓa kore mini biyu, na san zafin abin."

Kafin in buɗe baki, ɗaya daga cikin malaman ta ce, "Haba Baba, ai ya maido su da ƙafarsa, kuma yunwa ta sa shi."

"Yunwa ba ta halatta dukiyar wani, 'yata."

Nan fa gardama ta kaure. Masu cin abinci a waje suka fara leƙowa, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Wani babban marubuci da na daɗe ina sha'awar littattafansa ya ja kujera ya zauna, har ya ɗaga hannu ya goyi bayan dattijon. Sai da mai gabatarwa ya roƙe mu sannan muka tashi.

Kwali ɗaya ya ƙare, ɗayan na dawo da shi gida. A motarsu na dawo, suna ta ba ni shawarar wanda ya kamata tsohon ɗan sandan ya kama nan gaba, har suka sauke ni a Kankia ana kiran magariba.

Washegari na kira Alhaji don in yi godiya. Ya ce, "Ka gode wa direba, shi ya sha surutunsu." Sai ya tambaye ni yaushe zan kawo sabon rubutu.

Alhaji ya rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙansa. Ranar ta'aziyya na zauna a ƙofar shagon ƙanensa tare da mutanen nan, muka daɗe muna yi masa addu'a.