Ranar Da Aka Leƙo Wankan Inna Ta Sama

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da muka yi wa mahaifiyata wankan gawa ba. Rasuwar kanta na haƙura da ita, kowa na jiran tasa. Abin da ya tsaya a samanmu ran nan shi ne har yau yake ci mini rai.

A daminar shekarar ne wani ɗan maƙwabtanmu ya dawo daga Aljeriya da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar bidiyo. A ƙauyenmu na gefen Yekuwa ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma saboda kukansa muka sa masa suna zirnaƙo. Yakan ɗauko gonakin gero da wake daga sama ya tura a zauren salula na 'yan garinmu, don masu ci-rani su ga yadda damina ta yi. Kowa sai yabo. Inna ce kaɗai ta taɓe baki, ita da ko mu 'ya'yanta ba mu cika ganin kanta babu kallabi ba.

"Abin da zai shigo mini gida bai yi sallama ba, ba na maraba da shi," in ji ta. Muka yi ta tsokanarta da cewa tsohuwa ta tsorata da abin wasa.

Da hantsi ta cika, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni da gwaggona muka kai ta bayan ɗaki, muka kewaye wurin da zana, muka toshe kowace kafa da zannuwa. Sama ba ta zo mana a rai ba, don tun kakanni babu mai rufe sama. Muna cikin tsefe mata furfura na ji kukan zirnaƙon. Na ɗaga kai, ga shi tsaye cak a kanmu. Gwaggo ta fizge mayafinta ta kifa kan gawar tana salati, amma ya riga ya ɗauka.

Yayana a lokacin yana ci-rani a Tamanrasset ta Aljeriya. Mun roƙi wani dattijo ɗan garinmu da ke can ya zaunar da shi ya gaya masa, don ba a jefa wa mutum irin wannan labari ta waya. Maza ba su dawo daga maƙabarta ba sai ga kiransa, ashe bidiyon ya riga dattijon isa gare shi ta zauren salula.

"Ke, wa ake wa wanka a bayan ɗakin Inna?"

Kafin in amsa ya ci gaba:

"Na ga darbejiyarmu, na ga Gwaggo. Don Allah ki ce mini ba kan Inna na gani a buɗe ba."

Ban taɓa jin namiji na kuka irin haka ba.

Mai jirgin ya zo ya durƙusa a ƙofar gida. Ya rantse tun safe yana bakin gonaki, bai ji rasuwar ba, kuma ya tura ne bai duba ba. Ya ce ya goge.

"Daga salularka ka goge," na ce da shi. "Ta mutanen Kano da Agadas fa?"

Na san ba mugunta ya yi ba, amma ranar ban iya yafe masa ba. Da kawuna ya kai maganar gaban maigari, tsohon ya saurare shi har ƙarshe.

"Iyakar gona na sani, iyakar gida na sani," ya ce. "Ta sama ba a bar mini ba."

Daga baya ya hana tashin jirgin a kan gidaje. Hanin ya yi daidai, sai dai mu ya zo mana a makare.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta tsare mutuncin kowa. Duk abin da ke iya leƙa gidan mutane, a sa masa doka tun kafin ya tashi, kada a jira sai ya kunyata wani. Ni dai na riƙe hannun Inna lokacin da ta cika. Yayana kuwa ya ce har yau in ya tuna ta, daga sama yake hango ta.