Ƙofar Ofishin Yaya Rakiya

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Dakta Rakiya, Allah Ya jiƙanta. Na saba in yi mata addu'a in yi shiru, amma abin da ya faru watan jiya ya hana ni shirun.

A unguwar Ƙofar Ran da ke cikin garin Bauchi muka tashi. Kakanmu makiyayi ne da ya sha kai shanunsa har bakin Tafkin Chadi, kuma ina jin labaransa ne suka sa wa Yaya son sanin yadda mutane ke rayuwa a wasu ƙasashe. Da ta zama malamar jami'a, ta dage har aka buɗe ƙaramin kwas na nazarin yankunan duniya. Ɗalibin noma ko na injiniya zai ɗauke shi a gefen babban karatunsa, ya taɓa tarihi, ya taɓa harshe da siyasar wani yanki. Takan ce mini, "Ladi, yaran nan za su datse kogin da ya ratsa ƙasa uku, alhali ba su san ko sunan mutanen da ke sha a ƙasa da su ba."

Watan jiya wata baƙuwa ta yi sallama a gidana a Gwallameji. Dakta Zara ce daga Chadi, tsohuwar abokiyar karatun Yaya. Jami'arsu na shirin buɗe irin wannan kwas, shi ne ta zo ta ga yadda namu ya bunƙasa. Da alfahari na tare mana keke.

Da muka isa jami'ar, mun tarar an cire allon sunan da ke ƙofar ofishin Yaya. Ta taga muka hango karyayyun kujeru jibge har rufi. Na tambayi wani matashin ma'aikaci labarin kwas ɗin Dakta Rakiya, ya ce an daɗe da soke kwas ɗin, don babu wanda ya karɓe shi bayanta. Sannan cikin ladabi ya tambaye ni, "Hajiya, wace Rakiyar?"

Na kasa ɗaga ido in dubi baƙuwar. Mace ta ƙetaro iyaka don ta koyi abin da muka bari ya mutu a garinmu. Da Yaya za ta dawo yau, ta ga yadda muke yaɗa kowace ƙarya game da maƙwabtanmu a waya, ban san da wane baki za mu gaishe ta ba. Na san dai ba za ta yi faɗa ba. Kujerun za ta fara fitarwa.

A hanyar komawa Dakta Zara ta riƙe hannuna. "Abin da Rakiya ta faɗa mini ya ishe ni in fara," in ji ta. "Kuma sunanta za mu sa wa ajin."

Na yi mata godiya. Abin da ya saura na Yaya ke nan: duk ɗan Bauchin da ke son ya ji abin da ta koyar, sai ya yi fasfo.