Ranar da Gwaggo ta wanke mini karatun shekara guda

Ɗazu ina gyara tsohuwar adakata na ci karo da littafin nan, shafukansa duk sun kumbura, babu harafi ko ɗaya. Raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo, jami'armu ta tura ni Urushalima shekara guda in karanta Ibrananci da addinin Yahudawa. Duk abin da malamaina suka koya mini, da tawada na rubuta shi cikin littafin nan. Da shi zan rubuta kundin kammala digiri.

Na dawo garinmu Tafoki na iske babana kwance da tari. Ranar kasuwar Yankara na tafi sayo masa magani. Ina shigowa gida sai ga Gwaggo Tambai, yayarsa, durƙushe gaban ƙwarya tana wanke shafukan littafin. Ruwa ya yi baƙi ƙirin.

Na daka tsawa: "Gwaggo! Me kike yi haka?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rubutun malamin Damari bai yi mishi komi ba. Wanga kau daga ƙasar annabawa ka zo da shi. Ka ɓoye cikin adaka ubanka na mutuwa?"

Baba ya shanye ruwan tas, rabin rubutun ma nahawun Ibrananci ne. Ni kuwa na maimaita aji.

Maganin da na sayo ya warkar da shi, amma har ta koma ga Allah, Gwaggo ake yi wa godiya.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, in ku ne, da kun yafe?