Falle Uku da Karsanar Baffa

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ina tuƙa akori-kura tsakanin Isa da Sabon Birni da ƙauyukan bakin iyaka. Hatsi nake ɗauka, don a lokacin ba abin da ake nema sai shi. Shekarata talatin, kuma ina ganin duk ƙasar Gobir ba wanda ya fi ni sanin mota.

Don in riƙa lafta mata kaya, na sa aka ƙara falle uku a kowane gefe na sifirin baya, wato fallayen ƙarfen nan da ake jerawa bisa juna su riƙe nauyin bodi. Tsohon bakaniken da ke ƙarƙashin dogon yaro a bayan tashar Isa, wanda duk direbobi muke kira Baba, ya ƙi yi mini aikin, sai na kai wa wani. Motar ta miƙe tsaf, ko buhu nawa aka ɗora ba ta durƙusa. In babu kaya kuwa, tsalle take kamar ɗan akuya. Fasinjoji na ƙorafi, ni ko a jikina.

Akwai wani Bafillace da ya saba sauka da shanunsa a gonar mahaifina kusa da Gatawa bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Tun ina yaro aka ce in kira shi Baffa. Na san garkensa lokacin da ƙurarsa ke rufe hanya. A shekarar nan biyu suka rage masa: wata tsohuwar saniya da 'yarta karsana guda, su ma ba sa iya tashi sai an kama wutsiya an ɗaga. Karsanar ce irin da ya rage. In ta mutu, Baffa ya tashi daga makiyayi, kuma a shekarunsa ba zai sake farawa ba.

Surukinsa ya aiko cewa akwai sauran ɗanyar ciyawa a fadamar gulbi kusa da Isa. Da ƙafa ba za su kai ba, bodin motar kuma ɗaya zai ɗauka a kwance. Na ce zan kai su, sawu biyu.

Da safe na tsaya wurin Baba shan iska a taya. Ya zagaya motar yana kallon ƙasanta.

“Mi za ka ɗauka yau?”

“Saniya.”

“Da wanga sifirin? Wanga na buhu na, buhu ba shi da ƙashi. Ga ƙahwar gaba ma ta goce, dubi yadda take cin taya gefe guda. Bar mini ita zuwa azahar.”

“Baba, rabin yini za ni ɓata don saniya?”

Ya koma kan bencinsa. Ni ma na ja mota ina jin daɗin amsar da na ba shi.

Baffa ya ce a fara da tsohuwar. Muka zuba yashi da ƙaiƙayi a bodi, muka kwantar da ita, ya shiga ya zauna gefenta. Ga wanda bai taɓa bin hanyar nan ba: a rairayi mota sawun ta gabanta take bi. Tawa da ƙafafun gaba ba su saitu ba, sai ta haura gefen sawun ta faɗo, ta haura ta faɗo, ina kokawa da sitiyari. Ramammiyar saniya kuma ba ta kai nauyin da zai danne sifirin ba, duk rami sai bodi ya cilla ta sama. Ina jin ƙarar faɗuwarta ta bayan kaina. Na ji, ban rage gudu ba, ina cewa a raina gara mu isa da wuri ta huta.

Da muka isa ƙugunta ya goce. Aka yi maza aka sa mata wuƙa kafin ta yi mushe. Baffa ya tsaya yana kallo, ya ce, “Kwananta ya ƙare,” bai ƙara ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa kallon surukinsa.

Washegari tun da hantsi ina gaban Baba.

“Ya buhun naka ya sauka?” in ji shi.

Na sunkuyar da kai. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Baba ya sa jak, ya kwance fallayen da na ƙara ɗaya bayan ɗaya, ya jingine su jikin itace inda kowa zai gani. Sannan ya tambaye ni karsanar za ta yi nauyin mutum nawa. Na ce uku. Ya kira mai faci da mai shayi da wani dillali suka hau bodi, ya dube su, ya girgiza kai, ya ce mutanen bana uku ba su cika uku ba, a ƙaro na huɗu. Aka yi dariya, irin dariyar shekarar.

Ka'idarsa ke nan: ba ya saita ƙafar mota sai da nauyin da za ta ɗauka a kanta. Ya ɗauko zaren saƙa ya zagaye tayoyin huɗu da shi daidai tsakiyarsu, ya tsuguna yana hangen inda zare ya taɓa roba da inda ya bar rata. Ya auna tsakanin tayoyin gaba da karan dawa, ta gaba da ta baya, yana sa alama da farce. Ya shiga ƙasa ya murɗa sandar da ke haɗa su kaɗan, a tura mota gaba, a dawo da ita, ya sake aunawa. Sau nawa, ban ƙirga ba. Daga ƙarshe ya rage iskar tayoyin, ya aika gida aka kawo ƙwarya cike da ruwa, ya girke ta a tsakiyar bodi tsakanin ƙafafun mutanen.

“Tahi har bakin gulbi ka dawo. Ruwan ga saye anka yi. In ka zubar, kai za ka yi ma uwargida bayani.”

Na dawo da rabin ƙwarya. Na fara cewa sifirin ne, ya katse ni.

“Mota ta gyaru. Saura direba.”

Sai a zuwa na uku na dawo da ruwan bai taɓa baki ba. A nan na koyi shiga rami a karkace, taya ɗaya sannan ɗaya, da ɗaga ƙafa daga totur kafin gargada ba a cikinta ba.

Hanyar da na saba cinyewa kafin shayi ya huce a cikina, ranar da muka ɗauko karsanar mun yi ta daga hantsi har la'asar. Masu jakuna na wuce mu suna yi mini sannu da gudu. Baffa na baya, kanta bisa cinyarsa, yana yi mata magana da Fillanci. A fadama mutum huɗu suka sauke ta. Ta durƙusa, ta yi rawa, ta miƙe da kanta, ta kai baki ga ciyawa.

A nan na sami bakin ba shi haƙuri. Na ce da na ji maganar bakanike tun farko, da biyu ya kawo. Baffa bai ɗauke ido daga karsanar ba.

“Na san motarka, ɗana,” ya ce. “Na sha hawanta ran kasuwa, ƙuguna ya sani. Kai ma na san ka. Shi ya sa nib ba ka uwar tukuna.”