Jirgin Bature da ɗorawar Inna

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin fetur ya sa kowa ya jefar da fartanya ya nufi birni, ni ma na bi yayi, na zama direban babbar mota a wani kamfanin dako a Ikko. Siminti muke ɗauka da rodi, kullum siminti da rodi, har tarina ma ƙurar siminti ce. Rannan manaja ya kira ni ya ce an samu kaya zuwa Arewa, kuma tunda ni Bakatsine ne, ni na san hanya. Ina murna zan ga gida, sai aka kai ni bakin ruwa aka nuna mini kayan. Jirgin ruwa ne.

Ba kwalekwale nake nufi ba. Farin jirgi ne na yawon shaƙatawa, irin wanda iska ke turawa, da ɗakin kwana da madafa a ciki. Na wani Bature ne da ya gama aikin kwangila zai koma ƙasarsu. Ya ɗan zauna a Arewa, yana jin Hausa tsinci-tsinci. Da yatsa ya zana mini bayani a kan ƙurar motata. In ya bi teku, sai ya zagaye duk ƙugun Afirka ta yamma, wata da watanni, iska kuma tana gaba da shi. In aka yanke ta tudu, aka ratsa Sahara, sai a tsoma jirgin a Bahar Rum, ya tsallaka gida. Aikina in kai shi kan iyaka a Jibiya, inda wata motar za ta karɓa ta bi ayarin ƙarshe kafin zafi ya rufe hanyar hamada. Na dube shi, na dubi jirgin, na ce a raina lalle hutu ya yi wa wasu yawa.

Matsalar jirgin nan tsawo. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙaton ƙarfe kamar bakin garma, wai shi ke hana shi kifewa a ruwa. Saboda shi, da aka ɗora jirgin a bayan mota sai ya yi sama fiye da duk wani lodi da na taɓa ja. Tun daga Ikko nake tafiyar hawainiya. Kowace wayar wuta sai an tsaya an ɗaga ta da gora. Kowane shingen 'yan sanda sai sun hau sun leƙa ɗakin kwanan, ba don bincike ba, don kallo. Kafin mu kai Funtuwa, bayana ya riƙe, idanuna sun yi ja, kuma na gaji da amsa tambaya ɗaya a kowane gari: "Direba, ina ruwan?"

A Sheme muka karya muka kama hanyar Kankara. Ba mu yi nisa ba muka tarar wata ƙaramar gada ta rufta da motar siminti. Sai ratse, kuma ratsen nan ta cikin ƙauyenmu ya bi. Ba zan ɓoye muku ba, gajiyar ta ɗan sake ni. Na gyara hula, na riƙa danna ham ba dalili, don a san ɗan gari ya dawo da abin da ba a taɓa gani ba.

A bayan gari fankamata ta ƙare. Akwai wata ɗorawa a bakin hanya, babban reshenta ya gitta ta sama. Motocin siminti suna wucewa salin-alin, amma jirgi ya ce ba da shi ba. Ta dama kwazazzabo ne, ta hagu maƙabarta. Muka sace iskar tayu, bai isa ba. Aka ce a haƙa hanya, sai ga dutse da saiwoyi.

Ɗorawar nan kuwa ta mahaifiyata ce. A wajenmu ana iya raba gado gona ta faɗa wa wani, itacen da ke cikinta ya faɗa wa wani. Da kakana ya rasu, kawuna ya ɗauki gona, ita aka ba ta itacen. Shi ke nan abin da ta mallaka daga ubanta. Da kalwarsa take daddawa ta aika kasuwar Sheme, da garinsa muke kunu, da makubarsa take daɓe. Daddawar nan ce ta kai ni koyon mota. Kuma reshen da ya tare mu shi ya fi kowane haihuwa, ga shi lokacin ya yi jajayen furanni suna reto.

Baturen, da ke zaune gefena tun daga Ikko, yana ta duba agogo. Ya ce in ayarin ya tashi ba shi, sai baɗi, kuma zai gaya wa kamfani direbansu ne ya kai shi hanyar da ba ta ɓullewa. Ya ce a nemo mai itacen zai biya. Na ce masa mai itacen ita ta haife ni. Sai ya yi murna, wai ashe abin ya zo da sauƙi.

Bai san ni ɗan fari ba ne. Tunda nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ta yi mini doguwar magana ba. Alkunya ce irin ta mutanen da. Na shiga gida tare da kawu, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon turmi. Kawu ne ya yi bayani.

Da ya gama, ta ce wa kawu, "Yaya, shi jirgin, mi ya hana shi bin ruwa?"

Kawu ya ce, "Wai ruwan ya yi nisa, ta nan ta hi kusa."

"In bai wuce ba, mi za a yi ma wancan?" Ni ne wancan.

"Sai su amshe motar."

Ta ci gaba da tsince kalwar da ke cikin faifai. Can ta ce, "A sare, shi wuce. Amma ka hwaɗa ma Baturen kar shi aiko min da ko kwabo. Ban sai da itacen ubana ba."

Na so ta yi faɗa. Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa. Amma uwar ɗan fari ba ta nuna so, ba ta kuma nuna ciwo, sai dai ka tsinta da kanka.

Samarin gari suka hau da gatura. Kowa yana ɗoki, kowa yana son Bature ya ga ƙarfinsa, ba wanda ya tuna a fara saran ta ƙasa. Da reshen ya tashi faɗuwa bai rabu da kyau ba, sai ya tsage ya ɗaye ɓawon itacen tun daga sama har gindi. Kawu ya ce, "Innalillahi," ya juya baya. Aka ja reshen gefe, furannin nan birjik a ƙasa, na tada mota na bi ta kansu. Ban ko tsaya cin tuwon da aka ɗora dominmu ba.

Na sauke jirgi a Jibiya a kan lokaci. Baturen ya girgiza mini hannu, ya ce ni direban kirki ne. Na kwana a cikin mota kamar gawa, na juya Ikko na koma wa simintina.

Ɗorawa ba ta sake haihuwar kirki ba. Ruwa ya riƙa shiga ta tsagin, gara ta bi, bayan 'yan damuna ta bushe a tsaye. Inna ta koma sayen kalwa a kasuwa kamar wadda ba ta gaji komai ba. Na sha kawo mata buhu guda daga tafiya, ta karɓa ta sa albarka ta bakin kawu, amma ba ta taɓa tada zancen itacen ba. Abu ɗaya take tambaya duk zuwana, tana kallon wani wajen: "Ko jirgin nan ya kai ruwa?" Ni kuwa ban sani ba.

An daɗe, sai abokina da ke jigila zuwa Agadas ya ce mini ya ga jirgin. Motar da ta karɓa ta karye a bakin hamada, ayari ya tafi, Baturen ya gaji ya hau jirgin sama. Jirgin yana nan jingine a bayan wani gareji, yashi ya ci rabinsa, awaki da masu jiran mota suna fakewa a gindinsa da rana.

Na yi ta juya maganar a raina har zuwan da na yi na gaba. Da ta yi tambayarta, na faɗa mata gaskiya. Ta ajiye faifan da ke hannunta. Sannan, a karo na farko a rayuwata, ta ɗago ta dube ni sosai, ta ce, "To, ba a yi asara duka ba. Ko banza wani na shan inuwa."

Yanzu na tsufa, na ajiye tuƙi, Inna ta daɗe da rasuwa. Na ja kaya iri-iri a rayuwata, kuma na lura duk wanda ya ce ya samo gajeriyar hanya, ta kan abin wani ya bi, sau da yawa wanda ba zai buɗe baki ya yi magana ba. Ba na jin haushin Baturen, shi ma gida yake nema. Gajiyar tafiyar nan ce dai ba ta taɓa sakina duka ba. An gyara gadar tuntuni, ba mai bin ratsen sai masu jakai. In na je gida nakan taka zuwa wajen da rana, in tsaya inda kututturen yake. Ba na daɗewa, don babu inda mutum zai fake.